Yadda Ake Auna Hali Da Hanyar Karatu Da Takardun Gwaji

A kowace shekara, idan yaran aji uku na ƙaramar sakandare suka kammala jarrabawarsu a makarantun Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ko kuwa lokacin yankan fom ɗin JAMB ya zo wa yayyensu, akwai wata tambaya da kan shiga gidaje da yawa, wadda galibi ba mai amsa ta sai ra'ayin abokai ko burin mahaifi: shin wannan yaro ajin kimiyya ne ya dace da shi, ko na adabi, ko na kasuwanci, ko kuwa alherinsa yana can wajen koyon sana'ar hannu? Tun cikin 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi a sa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare domin irin wannan al'amari, amma kowa ya san ba kowace makarantar karkara ce ta samu ba, inda kuma aka samu, sau da yawa an ɗora wa malamin darussan wasu a kan aikinsa. Ta wannan giɓi ne wayar hannu ta shigo da wasu takardun tambayoyi, waɗanda ke yi wa mutum alkawarin cewa in ya amsa su cikin minti goma ko ashirin, za su faɗa masa ko wane iri ne shi, da hanyar da karatu ya fi shigarsa, da aikin da zai yi albarka a hannunsa.

Ba na cikin masu cewa a watsar da waɗannan takardu, ba na kuma cikin masu karɓarsu ido rufe. Matsayinsu a wurina matsayin shaida guda ne a gaban alƙali, wanda ake sauraronsa da natsuwa, a rubuta abin da ya faɗa, sa'an nan a nemi masu tsarkake shi, a kuma nemi na biyunsa, kafin a yanke hukunci.

Neman sanin hali ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa zama a zauren malami. Likitocin dauri, tun daga Jalinusa har zuwa Ibnu Sina mai littafin Alƙanun, wanda ya rasu a 1037, sun kasa mutane kan ɗabi'u huɗu gwargwadon abin da suka ɗauka ya rinjaya a jiki, ko jini, ko majina, ko safara'u, ko sauda'u, rabon da ilmin likitanci ya daɗe da barinsa. Wanda ya fi amfani gare mu shi ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, domin a cikin Ihya'u, a littafin horar da rai, ya ambaci hanyoyi huɗu da mutum zai san aibin kansa: ya zauna gaban shehi mai basira, ko ya riƙi aboki mai gaskiya ya sa shi ya riƙa lura da shi, ko ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, ko kuwa ya cuɗanya da mutane, duk abin ƙin da ya gani gare su ya tuhumi kansa da shi. Dukan huɗun ta wajen wasu mutane suka biyo, don malamin ya san rai gwani ne wajen nema wa kansa uzuri. Takardar gwaji kuwa kai ne ke ba da labarin kanka a cikinta, saboda haka rauninta yana daidai wurin da Gazali ya ji tsoro. Wajibi ne kuma a raba ta da hisabi, inda ake lissafa haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa a ce ɗabi'arsa ta wuta ce ko ƙasa ko iska ko ruwa, lissafin da zai ba kowane Musa ɗan Hauwa amsa ɗaya, ko shi mai fara'a ne a tashar Kwanar Ɗangora, ko miskilin makiyayi a gefen dajin Falgore. Takardar gwaji ba ta da'awar sanin gaibu. Abin da ka zuba mata shi take tattarawa, ta jera, ta mayar maka.

To, farkon aiki shi ne ka san abin da kake nema, domin takardun iri-iri ne, kowace da abin da take aunawa. Wadda ta fi suna a kan wayoyi ita ce ta Myers-Briggs da 'yan kwaikwayonta, wadda wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka tsara a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, bisa littafin da likitan nan na Suwizalan, Carl Jung, ya fitar a 1921. Tambayoyi huɗu take nema wa amsa: ko ƙarfinka daga shiga jama'a yake ko daga kaɗaita, ko ka fi dogara ga abin da ido ya gani ko abin da hankali ya hango, ko hujja ce ke rinjayar hukuncinka ko lura da zukatan mutane, ko ka fi son abu a tsare a gama ko a bar shi a buɗe. Daga nan sai ta jefa ka cikin ɗaya daga nau'i 16, ta ba ka haruffa huɗu. Bayaninta yana da daɗin karantawa, amma masu bincike sun tarar mutane da yawa, a wasu nazarce-nazarcen kusan rabi, kan faɗa wani nau'in dabam in suka sake amsa ta bayan mako biyar kacal.

Wadda malaman ilmin halayyar ɗan Adam suka fi amincewa da ita ita ce ta manyan halaye biyar. Asalinta daga ƙamus ne: a 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 na siffanta mutum daga ƙamus ɗin Turanci, masu bincike na baya, irin su Lewis Goldberg da Paul Costa da Robert McCrae, suka yi ta tacewa da lissafi har suka ga siffofin suna komawa ga rukuni biyar, wato son sabon abu da zurfafa tunani, da kula da aiki da cika alkawari, da sakewa cikin jama'a, da sauƙin kai da tausayi, da kuma saurin damuwa. Ita ba ta ce maka kai wane ne. Cewa take yi a wannan hali kana sama, a wancan kana tsakiya. Goldberg ya buɗe wata taskar tambayoyinta kyauta a intanet mai suna IPIP, kuma in za ka ɗauki takarda ɗaya tak, wannan nake ba ka shawara.

Idan kuwa zaɓen sana'a ne ya dame ka, akwai tsarin John Holland na Amurka, wanda ya kasa sha'awar aiki gida shida: aikin hannu da inji da gona, da bincike, da fasaha, da hidimar mutane, da jagoranci da ciniki, da aikin ofis da lissafi. A nan gida ma Farfesa Bakare na Jami'ar Ibadan ya tsara takardun auna sha'awar sana'a da na auna yadda ɗalibi ke karatu tun cikin shekarun 1970, waɗanda malaman ba da shawara a Nijeriya suka daɗe suna aiki da su, kuma sun fi kusa da yanayinmu fiye da na ƙetare.

Bayan zaɓe sai amsawa, kuma a nan ne galibin ɓarnar take faruwa. Kusan duk takardun nan da Turanci suke, an kuma rubuta su domin mutanen da zamansu ya saɓa da namu. Wannan ba ƙaramin cikas ba ne, domin a 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa sun gwada tambayoyin halaye biyar ɗin nan a kan mutanen Tsimane, manoma kuma mafarauta a ƙasar Bolibiya, rukunan biyar ba su fito yadda suka fito a wasu wurare ba. In Turancinka bai nuna ba, nemi mai fassara maka, amma kada ya kasance mahaifinka ko malaminka ko wanda kake jin nauyinsa, domin ba wanda zai iya cewa a gaban mahaifinsa shi malalaci ne, ko a gaban malaminsa karatu na gundurarsa. Tsaranka wanda ya fi ka Turanci ya karanta maka, kai kuma ka rubuta amsarka a takardar da ba ya gani.

Sa'an nan ga kunya da kawaici, waɗanda ado ne a zamanmu amma suna karkatar da ma'auni. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka yaron da ya san shi ne mai riƙe lissafin gidansu, in aka tambaye shi ko shi mai tsari ne, sai ya zaɓi tsakiya don kada ya zama mai alfahari. An kuma tarbiyyantar da mu a kan ƙin musu, don haka wani zai yi ta amsa i ga kowace magana, har ga maganganu biyu masu karo da juna. Ga kuma wata matsala da ta fi waɗannan dabara. A ce an tambayi wata yarinya a Kiru ko ita mai yawan magana ce. A gaban yayyen mahaifinta ba ta ko ɗaga ido, amma ranar kamu a gidan biki muryarta ce ke sama da ta kowa. Wace amsa za ta bayar? Shirunta na farko ladabi ne da aka koya mata, ba ɗabi'arta ba ce, saboda haka ƙa'idar ita ce mutum ya auna kansa da yadda yake cikin tsararsa, inda ba nauyin kowa a kansa. Ƙa'ida ta biyu, ka amsa da abin da ka aikata a watannin da suka wuce, ba da abin da kake fatan zama ba: in an tambaye ka ko kana gama aiki a kan kari, kada ka tuna niyyarka, tuna ranar da ka yi alkawarin kai taki gona da ranar da ka kai. Kada ka amsa kana cikin fushi, ko rashin lafiya, ko zaman makoki, ko daren jarrabawa. Kafin kuma ka duba sakamako, ka rubuta a gefe abin da kai kanka kake zato game da kowane hali, domin bayan ka ga nasu, zuciyarka za ta ce maka dama haka ta zata.

Wanda ba shi da wayar intanet yana iya lissafawa da hannu, in malami ya buga masa tambayoyin. Kowace magana ana ba ta maki daga 1, wato sam ban yarda ba, zuwa 5, wato na yarda ƙwarai. In hali ɗaya yana da tambayoyi 8, mafi ƙarancin maki 8 ne, mafi yawa 40, tsakiya 24. Sai dai wasu maganganun an juya su da gangan, kamar a ce "ni mai yawan shiru ne" a cikin tambayoyin sakewa da jama'a; irin waɗannan ana cire makinsu daga 6, wato 5 ya koma 1, 4 ya koma 2. Wannan ɗan lissafi yana kuma fallasa aibin takardun da ke rarraba mutane nau'i-nau'i, domin yawancin mutane a tsakiya suke taruwa, mai maki 23 da mai 25 kusan halinsu ɗaya, amma in aka ja layi a 24 sai a kira ɗaya mai kaɗaici, ɗaya mai jama'a, alhali tambaya guda ce ta raba su.

Idan sakamako ya fito ka ji ya yi daidai da kai har gabanka ya faɗi, to, dakata tukuna. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa gwajin hali, bayan 'yan kwanaki ya miƙa wa kowa bayanin da ya ce nasa ne shi kaɗai, ya nemi su auna dacewarsa daga 0 zuwa 5. Matsakaicin abin da suka bayar ya haura 4, alhali takarda iri ɗaya ya raba musu duka, wadda ya harhaɗa daga littafin masu duban taurari. Maganar da ta ce wani lokaci kana son mutane wani lokaci kana son kaɗaici, ko kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba, ta dace da kowa daga Tiga har Riruwai, don haka ba ta faɗa maka kome ba. Ka ɗauki alƙalami ka soke duk jimlar da za ta dace da maƙwabcinka kamar yadda ta dace da kai. Abin da ya rage, ko da layi uku ne, shi ne abin dubawa.

Wannan ragowar ita za ka kai wa masu tazkiyya. Nemi mutum biyu da suka san ka a wurare dabam-dabam, misali abokin karatu da wanda kuka yi noma ko ciniki tare, ka ba su tambayoyin nan su amsa a kanka, ba tare da sun ga naka ba. Inda ku uku kuka haɗu, ka riƙe. Inda su biyu suka haɗu suka saɓa maka, kada ka yi gardama, domin mai yiwuwa nan ne amfanin aikin duka yake. Bayan mako biyar ko shida ka sake amsa takardar ba tare da duba ta farko ba. Halin da ya tsaya a wurinsa naka ne, wanda ya yi tsalle kuwa yanayin ranar ne ka auna.

Batun hanyar karatu shi ne inda nake son mai karatu ya fi yin hattara, domin a nan ne abin da ke da daɗin ji ya fi nisa da abin da bincike ya tabbatar. Takardar da ta fi yawo ita ce VARK, wadda wani malami a Niyuzilan, Neil Fleming, ya ƙirƙiro a 1987, wadda ke cewa wani da gani yake koyo, wani da ji, wani da karatu da rubutu, wani da taɓawa da hannu. Cewa mutane suna da abin da suka fi so gaskiya ne. Amma da'awar cewa in aka koyar da mutum ta hanyar da ya fi so zai fi ganewa, ita ce Harold Pashler da abokansa uku suka bi diddiginta a 2008, ba su sami hujja ingantacciya da ta tsaya mata ba. Kafin su, a 2004, Frank Coffield da abokansa a Ingila sun ƙirga tsare-tsare 71 na irin wannan rabo, yawan da shi kansa ya isa ya sa mutum shakka. Haƙiƙanin magana, darasin ne ke zaɓen hanyarsa: tajwidi daga bakin malami ake ɗaukarsa, ko da kai mai son gani ne, yadda Kogin Kano ya ratso Falgore ya taru a madatsar Tiga a taswira ake fahimtarsa, ko da kai mai son ji ne, gyaran injin ban-ruwa da dashen shinkafa a fadamun Tudun Wada kuwa sai hannu ya ɓaci.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san wannan a aikace, ko bai taɓa jin sunan Fleming ba. Malam ya biya, kunne ya ji. Yaro ya rubuta da tawada, hannu ya yi aiki. Ya kalli allo, ido ya riƙe. Ya ɗaga murya, harshe ya saba. Ba a kuma ba shi izinin wankewa sai ya kawo karatun da ka. Ba a taɓa tambayar ƙolo ko shi mai ji ne ko mai gani ba, duka ake haɗa masa. Abu biyun da binciken zamani ya fi ƙarfafawa su ne ginshiƙan wannan tsari: rufe littafi a jarraba kai, da rarraba maimaici a kan kwanaki. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, Shehu Zarnuji kuwa, a Ta'alimul Muta'allim, ya riga shi da ƙarnoni wajen ba da magani, inda ya shawarci ɗalibi ya maimaita karatun jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, haka yana raguwa har zuwa ɗaya.

Saboda haka in VARK ta ce kai mai ji ne, kada ka ajiye alƙalami; ka gwada maganarta. Ɗauki babi biyu masu kama da juna a tsawo da wuya daga littafi ɗaya. Na farko ka karance shi ta hanyar da aka ce taka ce, na biyu ka karanta sau ɗaya, ka rufe, ka rubuta abin da ka tuna, ka buɗe ka gyara, ka sake haka gobe da jibi, amma jimlar lokacin da ka ba kowanne ta zama ɗaya. Bayan mako guda abokinka ya yi maka tambaya goma a kan kowane babi. Ka maimaita da wasu babobin don kada sa'a ta ruɗe ka, sa'an nan ka bi abin da makin ya nuna.

Akwai wuraren da bai halatta a kai waɗannan takardu ba. Ba a ɗaura aure ko a fasa shi da su, ba a hana mutum aiki da su, ba a kuma liƙa wa yaro suna a aji a ce shi ba na lissafi ba ne. Takardar sana'a sha'awa take aunawa, ba ta ganin jari, ko ubangida, ko kasuwa; Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, bayan halinsa na juriya da tattali, yana da gadon fatauci na Agalawa da hanyar Gwanja a gabansa, abubuwan da babu tambayar da za ta auna su. Kada kuma sakamako ya zama mafakar mugun hali, mutum ya ce haka aka halicce ni. Gaskiya ne wasu ɗabi'u halitta ne, kamar yadda ya zo a hadisin Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi game da haƙurinsa da natsuwarsa, Bahaushe ma ya ce hali zanen dutse. Amma Gazali ya kafa hujja da cewa da hali ba ya sauyawa da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, binciken da aka bi mutane shekara da shekaru kuma ya nuna galibi kula da aiki da sauƙin kai suna ƙaruwa da girma, saurin damuwa yana raguwa. Wanda kuwa ya ga damuwarsa ta kai ga hana shi barci ko ci ko fita, takardar waya ba ta isa ta gane cuta ba, sai ya ga likita, a babban asibitin da ke kusa da shi, ko Asibitin Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk shafin da ya nemi lambar BVN ko NIN ɗinka kafin ya nuna maka sakamako, ka rufe shi nan take.

Roƙona ga shugabannin makarantun waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, shi ne su sa malamin Hausa da na Turanci su zauna tare su fassara takarda ɗaya ta hali da ɗaya ta sana'a, a gwada fassarar a kan 'yan yara kaɗan a gyara inda ta yi duhu, a riƙa ba 'yan aji uku tun zangon farko, sa'an nan a zauna da kowane yaro shi kaɗai a tattauna abin da ya fito, a haɗa da makinsa na aji da abin da iyayensa suka sani game da shi, kafin a rubuta sunansa a ajin kimiyya ko na adabi.